Kwamfutar da Tela Ya Haɗa wa Innarsa

Ka ce kuɗinka ba su da yawa, kana tambaya wane kayan kwamfuta za ka fara saya. Ajiye wayar nan tukuna, bari in ba ka misali.

An yi wani tela, ɗan fari ne a wurin uwarsa. Da mahaifinsa ya rasu ta gama takaba, sai ya ɗauko ta daga ƙauye ya dawo da ita gidansa a birni. Tsohuwa ta zo, amma kamar rabinta aka kawo. Abinci sai ta taɓa ta ture, hira ba ta yi, wuni take a kan darduma a falo tana jan carbi. Abin ya dami tela ƙwarai, yana gani tana ƙarewa a gabansa, ga shi ba halin ya zauna ya tambaye ta abin da ke ranta. Ka san kunyar mutanen da a kan ɗan fari: ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in ya gaishe ta amsar ba ta wuce "lafiya lau". Ana nan sai ya tuna da bidiyon da aka ɗauka ranar sunan ɗansa, wanda marigayin ya halarta. Ya ce a ransa, in Inna ta ga mijinta a babban allo, ƙila zuciyarta ta yi sanyi. Sayen haɗaɗɗiyar kwamfuta ya fi ƙarfin aljihunsa, don haka ya ƙudura zai tsinto kayan ɗaya-ɗaya, ya haɗa da hannunsa, ya jona wa talabijin ɗin falo.

Ya shiga kasuwar 'yan kwamfuta da ɗan abin da ya tara. Akwatin ya ɗauki na gwanjo, ma'ajiyar bayanai 'yar daidai, allon da ake dasa komai a kai shi ma na hannu. A duk waɗannan ya matse hannu yadda ya kamata. Da aka zo kan katin da ke fitar da hoto kuwa, sai idonsa ya rufe. Ba laifinsa ba ne sosai, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana duban launi da zare, a wurinsa abu in bai yi kyau a ido ba, to bai yi ba. Ya hango wani jibgegen kati mai fankoki a jere, har da fitilu masu canja launi kamar motar amarya, ya zazzage aljihunsa kaf a kansa. Da mai shago ya yi masa zancen sifika mai fitar da sauti, ya ce ai talabijin tana da tata.

Ranar da aka kunna, hoto ya fito tar, har aikin wuyan babbar rigar marigayi ana gani zare-zare. Fankoki kuwa suka ɗauki gurnani kamar injin markaɗe. Tsohuwa ta juya wajen matar tela ta ce, "Ki ce masa Allah ya yi albarka." Da wani ne, da ya karɓi addu'arsa ya tafi yana murna. Shi dai ya saci kallonta, ya ga abin da ya karya masa zuciya. Ba talabijin take fuskanta ba. Ta karkata kai gefe, ta janye mayafi daga kan kunne, ta tattare goshi irin na mai son jin sallama daga nesa, can kuma ta saki mayafin ta koma kan carbinta. A nan ya tuna yadda take lalube kafin ta sami buta. Ashe yanar ido ta daɗe da rufe mata gani, kunya ta hana ta faɗa. Muryar mijinta take nema, shi kuma ya saya mata ƙarar da ta danne muryar.

Washegari ya kwance katin ya mayar, aka karɓa da faɗuwa, bai tsaya ja-in-ja ba. Allon da ya saya tun farko yana iya fitar da hoto da kansa daidai gwargwado, ya ce wannan ya isa. Ya sayo fanka guda babba mai juyawa a hankali, da wasu tsofaffin sifiku na katako, ɗaya har gefenta ya ɓantare. Abokansa na shago suka yi ta yi masa tsiya, wai ya saki reshe ya kama ganye. Ya zo ya ajiye sifika ɗaya dab da dardumar Inna, ya kunna. Hoton ya ɗan dushe, falo kuwa ya yi tsit. Bidiyon ya yi ta tafiya har ya kai wani wuri da mai ɗauka ya shagala, ya bar kyamara tana kallon tukwane da ƙafafun mutane, wurin da tela ya saba tsallakewa don ba abin gani. Can ƙasa-ƙasa sai ga muryar tsoho, da ɗan tarin nan nasa: "Ina mai furar nan? Ku ce mata ta zauna haka nan ta huta, tun safe take tsaye." Carbi ya tsaya a hannun tsohuwa, don da sunan nan marigayi yake kiranta. Hawaye suka gangaro mata, ga murmushi kuma a bakinta, na farko tun zuwanta gidan. Ba ta aika matarsa ba wannan karon, shi ta juya wa fuska ta ce, "Kai, maido mini wurin nan." Ya maido, ya sake maidowa, shi ma yana share ido da hannun riga. Ran nan da aka kawo mata fura, ta shanye tas.

To kai ma kafin ka tambayi mai shago, je ka dubi wanda zai zauna a gaban abin. Tela bai ji damuwar uwarsa daga bakinta ba, amma ya sami amsarsa, don Hausawa sun riga sun faɗa: labarin zuciya, a tambayi fuska.