Garmar da Ake Gyarawa Tun Tana Sabuwa

Malam Tanimu, tunda an kawo maka yaran nan 'yan gudun hijira ka koya musu ɗinki, ka kuma ce akwai guda da saurin hannunsa ya fara tsaya maka a rai, zauna in ba ka wani misali kafin ka mayar da shi kan guga da ɗinkin maɓalli.

An yi wani maƙeri a wani garin manoma. Ƙira gadonsa ce tun kaka da kakanni, babu fartanyar da ke garin da ba a kan uwar maƙerarsa aka buge ta ba. Wata shekara fitina ta koro mutane daga gabas, sai mai unguwa ya kawo masa wani saurayi daga cikinsu, ɗan masunta, wanda ya baro kabarin ubansa ya taho da uwa da ƙanne biyu. Ya ce a koya masa abin da zai riƙe gida da shi. Maƙeri ya karɓe shi hannu bibbiyu, kuma a faɗi gaskiya, da farko tsakani da Allah ya koyar da shi. Ya sa shi zuga, ya nuna masa launin ƙarfe idan ya isa duka, ya riƙe masa hannu a kan masaba. Saurayin ba mai surutu ba ne, Hausar ma tsintarta yake yi, amma idonsa ba ya barin komai ya wuce.

Ana nan sai wani tsohon manomi ya zo sayen lauje. Ya ɗauki ɗaya, ya gwada kaifinsa a farce, ya dubi maƙeri ya ce, "Madalla, ashe hannunka na da ya dawo." Laujen nan kuwa saurayi ne ya ƙera shi. Maƙeri ya yi yaƙe, ya ce a gode wa Allah, amma maganar ta tsaya masa a rai. Wato hannunsa ya tafi ke nan bai sani ba? Kuma baƙon da bai gaji ƙira ba, wanda jiya-jiya yake ƙarnin kifi, shi ne ya tsince shi? Hassada ce ta kama shi, ba wani abu ba. Ko ƙarar masabar yaron ya ji sai ransa ya ɓaci. Korarsa ba ta yiwuwa saboda idon mai unguwa, don haka ya yi dabara. Ya hura masa 'yar ƙaramar wuta a bakin rumfa, ya ce daga yau babu shi babu ƙirar sabon abu, aikinsa gyara ne: garmar da ta karye, laujen da ya dakushe, gatarin da ya tsage. A ganinsa ya rufe masa ƙofa, don mai gyaran tsofaffin ƙarafa ba ya yin suna, ba a kuma yaye shi a ce ya zama maƙeri.

Saurayi ya gane abin da ake nufi, kuma ya ji zafinsa ƙwarai. Amma ina za shi? Ya zauna a inda aka ajiye shi. Abin da hassada ta hana maƙeri tunawa shi ne, duk ƙarfen da ke karyewa a garin nan nasa ne. Shi sabo kawai yake gani yana sheƙi a kan tabarma, bai taɓa tsayawa ya duba yadda kayansa ke ƙarewa a gona ba. Yanzu ga shi da kansa ya tattara kurakuransa na shekara talatin ya zube su a gaban mai ido. Saurayi ya lura garma kullum a wuya take karyewa, daidai inda take shiga ƙota, don maigidan yana sirantar da wurin saboda kyan gani. Ya riƙa tambayar manoma da guntuwar Hausarsa, gonar jigawa ce ko ta laka, sannan ya ƙara wa wuyan kauri, ya sauya lanƙwasar gwargwadon ƙasar. Sau ɗaya ya kawo wa maigidansa karyayyiya, cikin ladabi, don ya nuna masa. Maƙeri ko kallonta bai yi ba, ya ce, "Kakanka ma kifi ya sani."

Manomi dai ba ya yin gardama, amma ba ya mantuwa. Damina biyu ta isa kowa ya lura gyararriyar garma ta fi sabuwa daɗewa. Ranar wata kasuwa gab da shuka, rumfa cike da mutane, wani ya sayi sabuwar garma a hannun maƙeri, ko hucewa ba ta gama yi ba. Bai fita da ita ba. Ya yi taku uku, ya tsuguna a gaban saurayi ya ce, "Samari, gyara mini ita tun ba ta karye ba." Na bayansa ya yi haka, na bayan wannan ma haka. Maƙeri yana tsaye da awartaki a hannu, yana kallon layi ya juya masa baya a cikin rumfar ubansa. Kafin kaka, manoman da kansu suka kafa wa saurayi tasa rumfar, suka daina biyowa ta wajen maigidan gaba ɗaya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.