Akun Malam Sha'aban Ya Yi Shiru

Ranar Lahadi da hantsi Malam Sha'aban ya rufe kejin da tsohon zanen atamfa, ya ɗaure shi a bayan ɗan acaɓa, suka kama hanyar Ɗambatta. Wata na uku ke nan akunsa bai ce uffan ba.

Ba don ƙawa yake ajiye da tsuntsun ba. Shekara goma sha tara da suka wuce, lokacin yana koyarwa a wata firamare kusa da Kunci, ya saye shi a hannun wani direban babbar mota, ya kawo wa matarsa Aina'u. Ita ke ba shi gyaɗa da rake, ita ke yini da shi a tsakar gida, don haka muryarta ya ɗauka, siririya mai sanyi, har da ɗan tarin da take yi kafin ta fara magana. Da ta rasu bara waccan, aka raba tufafinta da kwanukanta. Muryar ce kawai ta rage a gidan, a cikin keji, a ƙarƙashin darbejiya.

Cutar ta zo a hankali. Da farko muryar ta dusashe, sai Malam ya matso da kujerarsa. Daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Tsuntsun yana cin abinci, yana gyara gashinsa, yana buɗe baki maƙogwaronsa na motsi, amma babu abin da ke fitowa.

Ya taɓa kai kukansa wurin maƙwabcinsa Muntaka, wanda katanga ɗaya ta raba su. Muntaka ya dube shi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Malam bai tsaya jin abin da zai faɗa ba. Tun daga ranar sai gaisuwar hannu a masallaci.

Da suka isa Ɗambatta, a kara, wurin da ake cinikin shanu, ya sami malamin dabbobi da hannunsa cikin bakin wani bijimi. Mutumin ya ɗaga gefen zanen, akun ya takure a lungu yana kallonsa da ido ɗaya.

"Baba, ni shanu da awaki na sani," in ji shi da ƙarfi, saboda hayaniyar kasuwa. "Wannan ko inda zan soka masa allura ban gani ba."

Mai shagon maganin kaji ya fi shi ƙarfin hali. Ya ba da wani gari ruwan ɗorawa, ya ce a zuba a ruwan sha safe da yamma. Malam ya sa tabarau ya karanta jikin ledar. Maganin ƙara yawan ƙwai ne. Ya mayar masa. Mai shagon bai ji haushi ba, ya yage gefen kwali ya rubuta masa suna: Dakta Raudatu, gonar kaji ta kan hanyar Kano. Ya ce ita ce ke duba ɗawisun masu kuɗi.

Malam ya koma gida ya yi kwana biyu yana shawara. Mace ce, kuma ga alama yarinya. 'Yarsa Tahira ta kira daga Kano, ya so ya tambaye ta ko ta san likitar, amma layin ya ƙi kyau kamar kullum, suka rabu a kan gaisuwa. A rana ta uku ya ga akun ya tsura masa ido yana ta motsa baki, kamar mai neman agaji. Ya tashi ya ɗauko zanen.

A bas ya riƙe kejin a cinya. Da suka sauka ya tsallaka titi, wani mai babur ya kusa kwashe shi, ko hon bai yi ba. Malam ya bi shi da kallo, ya duba ko kejin ya bugu, ya ci gaba.

Ofishin likitar ɗaki ne guda a bakin gonar, fes da shi, shiru kamar ba kaji dubu biyar a bayansa. Dakta Raudatu ba ta wuce sa'ar Tahira ba. Ta gaishe shi ƙasa-ƙasa irin na yaran yanzu, ya amsa da abin da ya dace. Ya cire zanen, ya zauna, ya yi mata bayani tun daga direban babbar mota har zuwa maganin ƙwai.

"Ba surutunsa nake nema ba, likita," ya ce. "Muryar mai ɗakina ce a bakinsa. In ta tafi, shi ke nan."

Ta daɗe tana kallon tsuntsun, sannan ta daɗe tana kallon Malam. Ta auna nauyin akun, ta haska bakinsa da ƙaramar tocila, ta buɗe fukafukansa ɗaya bayan ɗaya. Abin ya burge Malam. Ba wanda ya taɓa yi wa tsuntsun haka.

Daga nan ta zagaya bayan kujerarsa ta tsaya. Ya ɗauka magani take nema a kabad, sai ya jira. Ta ɗan jima a can. Da ta dawo ba komai a hannunta. Ta zauna, ta jawo takarda, ta yi rubutu da manyan baƙaƙe, ta miƙo masa da hannu biyu.

Malam Sha'aban ya sa tabarau, ya gyara zama don ya ga sunan maganin.

"Baba, lafiyarsa ƙalau. Likitan kunne za ka je ka gani a Kano. Tun da ka cire zanen nan yake magana da muryar wata mata, yana cewa, 'Malam, wai ba ka ji na ne?'"