Wanda Ya Makara Sai Fiffike

Saura kwana uku Baba ya tafi Makka, na leƙa gidan bidiyon unguwarmu a Gazawa bayan an tashi daga lakol, wato makarantar boko. Wani tsohon fim na Turawa ake nunawa. Ƙananan jirage marasa rufi suna ta alkafura cikin gajimare, sai ga mutum tsaye bisa fiffike, iska tana neman raba shi da rigarsa.

Ni kuwa na san ƙa'idar motar da ke zuwa kasuwar garin Agiye: wanda ya makara sama yake hawa, bisa buhuna. Baba bai taɓa samun kujera ba, don ko direba na kira sai ya gama gaisawa da kowa.

Na sheƙa gida. Na iske shi a zaure yana tankaɗe aya, ƙura ta yi masa fari a gemu.

"Baba, in ka makara, bisa fiffike za su ɗora ka?"

Bai yi dariya ba. Ya ajiye rariya, ya saurari labarin fim ɗin kaf, sannan ya ce, "Uwata, jirgin alhazai ba ya tashi sai kowa ya zauna. Har ɗaure mutum suke yi da kujerarsa."

Ya cika mini hannu da aya. Sai a lokacin na zauna kusa da shi na fara ci.

Baba ya rasu da jimawa. Har yau in na shiga jirgi sai na leƙa ta taga. In na ga ba kowa bisa fiffike, nakan ce a raina, yau ma Baba ya samu kujera.