Durƙuson Lauya Tihomir

A walimar yaye ɗalibai, Lauya Tihomir ya miƙe zai yi jawabi, tsofaffin ɗalibai suna ta buga tebur. Ɗansa tilo, Lovro, shi ya zo na ɗaya a makarantar Katolikan nan ta birnin Split da shi ma Tihomir ya gama. Tuni har ya sa an rubuta sunan yaron a ƙofar ofishinsa.

"Zauna, waliyyi," in ji Vinko, abokin ajinsa. "Kai da ake kamowa bayan coci da taba a baki, yau kai ne ɗan sahun gaba?"

Tihomir ya yi murmushi kawai. Makarantar ba ta ɗaukar yaro sai ta ga ibadar gidansu. Shekara da shekaru ke nan yana durƙuso daidai inda shugaban makaranta zai hango shi, baki na motsi, zuciya na kotu.

Shugaban, Fada Bono, ya dafa kafaɗarsa. "Albishirinka, Lauya. Lovro ya fasa karatun shari'a. Fada zai zama."

Ba ofis, ba aure, ba jika. Tihomir ya juya ga ɗansa. "Wa ya cusa maka wannan? Masu baƙaƙen rigunan nan?"

"A'a, mahaifina. Su kam wani lokacin har shakka suke jefa ni. Amma duk ranar da imanina ya yi rauni, sai in waiga in gan ka a durƙushe."

Zauren ya kaure da tafi. Na Vinko ya fi na kowa ƙara.