Tsakuwa a Cikin Kilishi

Kafin ka sallami wani daga wurin aikinka, ɗan zauna ka ji wannan. Wani mai kilishi ne, suna sana'a shi da amininsa tun suna samari. Shi ke haɗa labu, wato kwaɓin tunkuza da yaji da ake tsoma naman a ciki, aminin kuma ya yanka ya shanya. Kilishinsu har matafiya suna tsarabarsa. Kwatsam sai aka fara jin tsakuwa a ciki. Wani tsoho ya zo rumfar da haƙorinsa a tafin hannu, ya ce shi kaɗai ya rage masa, dama yana tanadinsa ne don naman Sallah. Jama'a suka sha dariya, amma suka rage saye. Mai kilishi bai duba komai ba. A wurinsa kilishi abu guda ne dunƙule, yadda ya taso ya ga ana yi. Ya ce ai a wurin shanya kaɗai nama ke haɗuwa da iska, don haka laifin mai shanya ne, ya kuma faɗa masa a gaban mutane. Aminin bai yi musu ba. Ya naɗe wuƙarsa a tsumma, ya ce, "Allah ya bar zumunci, Malam." Ya bi motar kudu.

To, mai shanya ya tafi, tsakuwa ba ta bi shi ba. Sai a lokacin gogan naka ya warware aikin gaɓa-gaɓa, yana bi yana ɗanɗanawa kamar ɓera a rumbu. Ya tauna ɗanyen nama, lafiya lau. Ya tauna busasshe daga shanya, ko ƙura babu. Ya lashi tunkuza, sumul. Yana kai yaji baki, sai ƙaras. Ashe dutsen niƙan yajin da ya gada wurin mahaifinsa ne ya tsufa yana marmashewa, dutsen da ba mai taɓa shi sai shi. Ya sake dutse, tsakuwa ta ɓace. Amma ina wanda zai yanka masa nama siriri har ka hango rana ta cikinsa? Ya aika a ba aminin haƙuri, aka dawo aka ce ya yafe, sai dai ya riga ya saba da can. Har yau in mai kilishin yana shanya shi kaɗai, yakan buɗe baki zai yi magana, ya waiga, babu kowa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, an bar jaki ana dukan taiki.