Ranar da Ladidi Ta Kira Sunansa

Tun da aka gyara tsohon gidan wasan kwaikwayo na garin ya zama cibiyar al'adu, bangonsa yake mayar da duk muryar da ya taɓa ji. Mutum ya faɗi ranar da yake so, a zaunar da shi, ya saurara.

Baba Tanimu ya dogaro sandarsa ya zo, ya nemi ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa. Marigayiya Ladidi, matarsa, ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, sai a ranar nan, da duhu ya firgita ta, ta lalubo hannunsa.

Ya zauna a kujerarsu ta da. Kalangu ya tashi, muryoyin 'yan wasa suka fito tar. Da aka zo wurin duhun, sai shiru.

"'Yata, ina 'yan kallo?" ya tambayi matar da ke kula da zauren.

"Ai mun tace hayaniyarsu, Baba. Tari da surutu duk mun share, don a ji wasan sosai. Bai yi daɗi ba?"

"Ya yi," in ji shi. "Ɗan sake sa mini shirun nan."