Maɗori Mai Tukkaye

Tunda ka ce duk mai tara gashi ba ya cikin hayyacinsa, zauna in ba ka labarin wani maɗori. A gidansu ɗori gado ne, kuma ranar da uba zai miƙa wa ɗa sana'ar, ranar ce aska za ta daina hawa kansa. Shi ma haka aka yi masa. Ubansa ya zaunar da shi a kan turmi, ya raba masa gashi gida-gida, ya murɗe kowanne da tafin hannu yana tofa addu'a, sannan ya ɗora masa alkawari: kada ya taɓa wuce mai karaya, ko da maƙiyinsa ne. Shekara ashirin da huɗu tukkayen nan suna tsawo, irin waɗanda yaran yanzu ke kira dada, har suka sauko masa gadon baya. Duk safiyar Juma'a sai ya wanke su da sabulun salo, ya zauna a rana su bushe sarai, don ya san in danshi ya kwana a ciki wari zai biyo baya. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da man kaɗanya, yana murza sabon tsiro daga tushe, yana ambaton sunayen kakanninsa da suka yi ɗori kafin shi. Idan ya ji nauyinsu a wuyansa, ya san ba shi kaɗai yake tafiya ba.

Wata rana neman saiwa ya kai shi wata kasuwar ƙauye inda ba a san shi ba. Mai fura ta ja ƙwaryarta da ta hango shi. Masu rumfa suka ce ya yi gaba, nan ba wurin mahaukata ba ne. Wani wanzami ma ya ce zai sauke masa gizon nan kyauta saboda Allah. Abin ya sosa masa rai, amma ya samu gindin tsamiya ya zauna da buhun saiwoyinsa. Can bayan azahar wani bijimi ya tsinke igiya a kara, ya yi awon gaba da mai jansa, ya maka shi da turke. Ƙwaurin mutumin ya karye, ƙafar ta juya inda ba ta saba kallo ba, 'yan'uwansa suna shirin ja da ƙarfi wai su miƙe ta. Maɗori ya kutsa cikin taron yana cewa kada a taɓa, aka tare shi da sanduna. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ce ta matso, ta ƙura wa kansa ido, ta kamo tukku ɗaya ta shinshina. Ta ce, "Ku kauce masa. Na ga mahaukata da yawa, ban taɓa ganin wanda ya raba gashinsa daidai haka ba. Wannan kan da mai shi." Maɗori ya durƙusa, ya tattara tukkayen ya ɗaure a ƙeya, ya lalubi ƙashin da yatsu har ya ji bakin karayar. Ya yi bisimilla, ya ja a hankali, ƙashi ya koma mazauninsa. Ya jera karan dawa ya ɗaure.

Kwana arba'in ya yi a garin yana duba ƙafar, har mutumin ya taka da kansa zuwa masallaci. Ranar da zai tafi, yayan mai karayar ya kawo masa riga da hula, ya ce, "Baba, ka bari a rage maka gashin nan, don mutane su riƙa ganin girmanka." Maɗori ya karɓi rigar ya yi godiya, ya mayar masa da hular. Ya ce, "Ɗana, ubana ne ya murɗe shi. Hannun da ya gyara ƙafar ƙaninka, a ƙarƙashin wannan gashin ya koyi aiki." Ya saɓi buhunsa ya bi ta tsakiyar kasuwa kai a buɗe, masu rumfa suna miƙewa tsaye.

To ka ji. Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.